Zauren Tambaya: Jel ɗin da ba ya sakin magani sai ciwo ya motsa

Assalamu alaikum jama'a. A fitowar da ta wuce na ɗan taɓa maganar wani irin jel da masu bincike ke haɗawa, a cusa masa magani ya riƙe gam, ba zai saki ba sai sinadaran jikin mutum da kansu sun zo sun yanka shi. Layi uku kacal na rubuta fa, amma saƙonnin da suka biyo baya sun fi na hawan jini yawa, har edita na tsokanata wai ko shagon jel na buɗe a Tudun Wada. Na zaɓi biyar, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka taimaka min. Ni ɗaliba ce aji huɗu ina karanta bayokemistiri, sufabaiza na ya ban furojet akan haidurojel da enzayim, wlh sati uku kenan ina karatu kaina har ciwo yake ban gane komai ba, kuma kunya nake ji in koma in ce masa ban gane ba. Meye shi ataƙaice, kuma anan za'a iya yinsa ko sai Turai? Ɗalibarka daga Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikis salam 'yata. Ki ajiye takardun nan tukuna ki leƙa kicin. Kin taɓa ganin farfesun ƙafar sa da ya kwana lokacin hunturu, ko wanda aka jefa a firij? Da safe romon ya kama jikinsa, ki taɓa shi da cokali yana rawa, shi ba ruwa ba shi ba tuwo ba. To haidurojel kenan, babu wani tsafi a ciki. Jijiya da fata cike suke da wani furotin mai suna kolajin, wuta ta warware shi ya zama jelatin, wato dogayen zare, da ya huce zaren suka harɗe suka zama raga, ragar kuma ta kama ruwa ta hana shi gudu. Sau da yawa sama da kashi 90 cikin ɗari na jel ruwa ne zalla. Garin da ke cikin pampas ɗin yara ma danginsa ne, shi ya sa yake shanye fitsari ya kumbura. Na zamani da ake sa wa jiki ya faro ne daga wasu mutum biyu a birnin Firag, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, da suka wallafa aikinsu a 1960, kuma daga nan aka samu tabarau mai laushi da ake mannawa a ƙwayar ido. Abin da ke burge ni da Wichterle shi ne injin farko da ya yi wannan tabarau da shi a ƙarshen 1961, a gida ya harhaɗa shi da kayan wasan yara da dainamon keke. Ki riƙe wannan a ranki kafin ki sake cewa sai Turai.

Enzayim kuma almakashi ne. Iyayenmu na naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, akwai enzayim a gwanda mai suna fafayin da ke datsa furotin. Masu kunun zaki na zuba dankali ko tsiron hatsi, kunu mai kauri ya saki ya yi zaƙi, wannan kuma amilez ne ke datsa sitaci. Kowane almakashi da irin yadin da yake ci, na nama ba ya taɓa sitaci, na sitaci ba ruwansa da nama. Duk dabarar a nan take.

Yanzu haɗa su. Ki saƙa raga da zaren roba wanda jiki ba ya iya yankawa, wanda aka fi amfani da shi sunansa PEG, amma ƙullin da ke haɗa zare da zare ki yi shi da ɗan guntun furotin wanda almakashi ɗaya tak ya san shi. Ki cusa magani a ramukan ragar. In almakashin bai zo ba magani na nan a kulle, in ya zo kaɗan ya fita kaɗan, in ya zo da yawa ragar ta ɓarke ya fita da yawa. Kinga ciwon ne da kansa ke auna wa kansa magani.

Almakashin da aka fi yi wa wannan tarko su ne dangin MMP, mutum na da iri 23, kuma dukkansu sai da zinki suke aiki. Yadda aka gano na farkonsu ma labari ne. A 1962 Jerome Gross da Charles Lapière suka tsaya kan tambayar da duk yaron da ya yi wasa a kududdufi ya taɓa yi, wai ina wutsiyar talibambam ke tafiya in zai zama kwaɗo? Suka ɗora guntun wutsiyar a kan jel na kolajin sai suka ga jel ɗin na narkewa a kewayenta. Mu ma da irin wannan almakashi jikinmu ke rushe tsohon gini ya yi sabo, wajen warkewar rauni da girma, kuma yana yawaita fiye da kima a inda akwai kumburi, gyambo, ko kansa, wato ciwon daji. Matthias Lutolf da Jeffrey Hubbell a Zurik ta ƙasar Siwizalan su ne a 2003 suka nuna jel na PEG mai ƙullin da MMP ke yankawa, har suka cike ramin da aka yi a ƙoƙon kan ɓera ƙashi ya tsiro. Ƙullin nasu amino asid 8 ne, wato tubalan da ake gina furotin da su, da suka kwaikwayo daga kolajin, suka canza guda ɗaya a ciki sai yankan ya ƙara sauri. Nemi wannan aikin ki fara da shi, sauran duk 'ya'yansa ne.

Maganar ko za'a iya a nan, irin nasu da wuya, don guntayen furotin ɗin nan odarsu ake yi da dala kuma suna son sanyi. Amma ƙaramin ƙanensa kam za ki iya. Jelatin, kala irin shuɗin nan na lab, da farin ruwan da ke fita in an tsaga ɗanyar gwanda. Ki daskarar da jel da kalar a ciki, ki raba kashi uku: ɗaya ruwa kawai, ɗaya ruwan gwanda, ɗaya ruwan gwandar da kika tafasa don ki kashe enzayim ɗin. Ki riƙa auna kalar da ke fita duk bayan minti 30. Na ukun nan kar ki manta shi, shi ne zai cece ki ranar difens in aka ce ya aka yi kika san enzayim ne. Gargaɗi ɗaya, jelatin na narkewa da kansa tun zafi bai kai digiri 35 ba, ke kuma a Bauchi kike, in kika bari Maris ko Afrilu ta same ki jel ɗinki zai koma romo kafin gwanda ta taɓa shi. Ko ki yi da sanyi, ko ki tambayi sufabaiza sinadarin da za ki ƙara ɗaure ragar da shi. Kuma ki koma wajensa, ba'a kunyar tambaya a aji huɗu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Baban mu yana da ciwon suga shekara tara, wata biyar kenan ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa abin ya zama gyambo yaƙi warkewa. Wani mutum yazo gida da wani jel a roba yace daga waje aka kawo, wai yana da hankali shi yake gane ciwo ya saki magani, kuɗin da ya faɗa kuwa sai mun sayar da tunkiya. Da naga rubutunka sai nace ko shine? Daga Jekadafari, Gombe.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiya. Ƙanwata kar ku sayar da tunkiyar nan. Jel ɗin da nake magana kusan dukkansa yana ɗakin bincike ne, a jikin ɓeraye da aladu, bai zama kayan da ake yawo da shi gida-gida a jaka ba. Ki ce ya nuna miki lambar NAFDAC da sunan kamfani da abin da ke ciki a rubuce, za ki ga yadda hirar za ta canza.

Amma tambayarki ta faɗo daidai inda masu binciken ke haƙa. Gyambon mai suga, ɗaya daga cikin dalilan da ke hana shi rufewa shi ne almakashin nan sun yi yawa a wurin, musamman MMP-9 da wani da fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa. Jiki na saƙa sabon nama su kuma suna bin baya suna tsinkawa, kamar mai gini yana jera bulo wani na zarewa ta ƙasa. Za ki ce to a ba mutum ƙwayar da za ta kashe almakashin mana. An gwada. A shekarun 1990 wani kamfani a Ingila ya yi magani mai suna marimastat don ciwon kansa, yana toshe MMP a duk jiki, sai bai yi abin da aka sa rai ba kuma masu sha suka riƙa kukan ciwon gaɓɓai da jijiyoyi, don ai lafiyayyen wuri ma yana buƙatar almakashinsa. Wannan ya sa ake son abin da zai yi aiki a inda ɓarnar take kawai. A 2014 ɗakin binciken Jason Burdick a Amurka ya yi wa aladu masu bugun zuciya allurar jel a naman zuciyar, jel ɗin na ɗauke da furotin mai toshe MMP, kuma MMP ɗin ne da kansa ke yanka jel ya sako abin da zai ɗaure shi. A 2018 su Jeffrey Karp a Bostan suka yi wa ɓeraye masu ciwon gaɓɓai irin haka, in gaɓa ta kumbura jel ya saki maganin kumburi, in ta lafa ya riƙe saura. Na suga ma akwai, a 2015 Zhen Gu da abokan aikinsa suka yi wani ɗan filasta mai ƙananan allurai sama da ɗari, a ciki akwai insulin da enzayim mai cin suga, irin wanda ke cikin wasu tsinken gwajin suga, kuma ƙudan zuma ma na zuba shi a zuma. Suga ya hau, insulin ya fita. A ɓeraye ya yi aiki. Daga ɓera zuwa Baba kuwa tafiya ce ta shekaru, kuma da yawa a hanya suke mutuwa, don yawan enzayim a jikin wannan ba shi ne a jikin wancan ba, wani lokaci ma jel ɗin ya yi ta yoyo ba tare da kowa ya yanka shi ba.

Wanda na sani yana kantin magani mai irin wannan wayo tsoho ne kuma ƙwaya ce, salfasalazin, da aka haɗa a Siwidin tun shekarun 1940. Yana wuce ciki a kulle sai ya isa babban hanji, enzayim na ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a can su tsinka shi biyu ya fara aiki. Akwai kuma jel na wanke ciwo na gama-gari da ake sa wa rauni don kar ya bushe, yana da amfaninsa amma ba kowane gyambo yake so ba, mai ruwa da ɗoyi zai iya ƙara masa, ma'aikacin lafiya ne zai ce.

Kawuna haka ya yi, Allah Ya jiƙansa. Ƙaya ce ta soke shi a gona, da yake suga ya kashe masa jin ƙafa bai ma sani ba sai da aka ga jini a takalmi. Wata uku ana barbaɗa masa garin kafso da wani mai kemis ya ba su, yana ɗaure ƙafar da tsumma yana taka ta zuwa masallaci sau biyar, ranar da aka kwance a gabana yatsu biyu sun yi baƙi. Ku kai Baba babban asibiti cikin satin nan, a duba ko ciwon ya kai ƙashi, a duba ko jini na isa ƙafar, a kankare mataccen nama, a daidaita suga, kuma ya daina taka wurin. Wannan na ƙarshen shi ne dattawa suka fi ƙi. In kin ga zazzaɓi, ko ja na hawa sama, ko baƙi, a daren za ku tafi.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ma'aikacin lab ne, mun saba noman bakteriya akan faranti. Naji kace ana renon ƙwayoyin jikin mutum acikin jel, me ya hana a shuka su a faranti kawai? Daga Azare.

AMSA: Ana shukawa abokina, shekara da shekaru ma haka ake yi, a farantin roba cikin inkubeta mai digiri 37 da iskar kabon kashi 5. Matsalar ita ce ƙwayar jiki ba a kan daɓe take rayuwa ba, a jiki kewaye take ta ko'ina da abu mai laushi da take kamawa tana ja, in ka shimfiɗa ta a roba mai tauri sai ta baje kamar wainar ƙwai ta canza hali, ka gwada magani a kanta ya yi kyau, a jiki kuma ya ba ka kunya. A 2006 Adam Engler da Dennis Discher suka ɗauki uwayen ƙwayoyi na ɓargo, waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki, suka ɗora a jel iri-iri, na kan mai laushi kamar ƙwaƙwalwa suka karkata zuwa ƙwayoyin jijiya, na matsakaici zuwa tsoka, na mai tauri zuwa ƙashi. Shimfiɗa kawai aka canza.

To in ka binne ƙwaya a cikin jel da ba ta iya yankawa, ka sa ta a kurkuku, za ta zauna a dunƙule. In ƙullin na MMP ne sai ta fito da almakashinta ta buɗe wa kanta hanya, ta miƙe, ta hayayyafa, ta tarar da 'yan uwanta. Ana kuma ɗaura mata maƙalai a jikin ragar, ɗan guntu mai amino asid 3 da ake kira RGD wanda aka gano a 1984, don PEG santsi gare shi ba wurin riƙewa. Wanda aka daɗe ana amfani da shi sunansa Matrigel, daga wani ƙari na ɓera ake tatso shi, ruwa ne in yana cikin ƙanƙara, da ya ji ɗumi ya daskare, ka ga akasin farfesu. A cikinsa Toshiro Sato da Hans Clevers suka reni 'yan mitsi-mitsin hanji daga ƙwaya ɗaya a Holan a 2009. Sai dai kwalbar bana ba lallai ta zo daidai da ta bara ba tunda daga dabba yake, shi ya sa a 2016 ɗakin Lutolf ya nuna za'a iya renon irin hanjin nan a jel na haɗi da aka san komai na cikinsa. Mu a nan kafin a kai ga jel sai an fara maganin wuta, inkubeta ta ɗauke na dare ɗaya aikin wata biyu ya tafi, kai ka fi ni sani.

TAMBAYA: Malam ance wai duk irin waɗannan abubuwa da alade ake yinsu, gaskiya ne? Wani dattijo daga Misau.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, ba duka ba. Jelatin na kasuwar duniya kam mai yawa daga fatar alade yake, amma akwai na shanu akwai na kifi. PEG haɗin masana'anta ne ba dabba a ciki. Aljinet, wani abin da ake yin jel da shi, daga ciyawar teku ake samunsa. Hayaluronik asid, shi ma abin yin jel ne, da ana cirowa daga zankon zakara, yanzu galibi bakteriya ake sa wa su yi shi a tanki. Aladun da na ambata a sama gwaji aka yi a jikinsu don zuciyarsu ta yi kusa da tamu, ba da su aka haɗa maganin ba. Hukuncin magani in lalura ta kama kuma na malaman fiƙihu ne, ni nawa in faɗa muku abin da ke cikin kwalba.

TAMBAYA: Malam mu damuwarmu maciji ne, duk damina da kaka sai kububuwa ta sari mutane a gona. Ba za'a iya yin jel ɗin da manomi zai shafa awurin saran ba kafin a kai asibiti? Malamin firamare daga Ɓilliri.

AMSA: Malam tambayarka ta fi ƙarfin yadda ka ɗauke ta, don dafin kububuwa, gobe da nisa, babban makaminsa enzayim ne masu zinki 'yan uwan MMP ɗin da muke ta magana. Gudan jini ma ai haidurojel ne, wanda Allah Ya riga kowa yi. Dubi jinin rago ranar layya, minti kaɗan ya daskare a ƙasa, wani enzayim ne ya datsa furotin da ke narke a jini ya zama zare, zaren ya saƙa raga, in rauni ya warke kuma wani enzayim daban ya zo ya kwance ta. Dafin kububuwa na tayar da wannan saƙa a duk jiki ba gaira ba dalili har zaren ya ƙare, yana kuma huda bangon ƙananan jijiyoyin jini, sai ka ga mutum na zubar jini ta dasashi da tsohon tabo. Shi ya sa a asibitin masu saran maciji na Kaltungo ake zuba jinin mutum a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi na aiki.

Shafawa a fata ba za ta yi ba, don haƙori ya riga ya kai dafin ciki, kuma a cikinsa akwai wani enzayim da ke narka jel ɗin da ke tsakanin naman mutum don ya samu hanyar bazuwa. Abin da ya fi kusa da tunaninka shi ne masu bincike a Libaful sun ɗauko marimastat ɗin nan da ya gaza a kan ciwon kansa suka gwada shi kan dafin irin waɗannan macizai a ɓeraye, a 2020 suka ba da rahoton ya kare su, musamman in an haɗa shi da wani maganin. Burin shi ne wata rana a samu abin da za'a ba mutum tun a ƙauye. Kafin nan allurar kashe dafi ce kawai magani. Ka faɗa wa iyayen yaranka ba ɗaure ƙafa da roba, ba tsagawa da reza, ba tsotsa, a cire zobe ko abin hannu kafin wuri ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗora shi a abin hawa a nufi Kaltungo ko da yana cewa ba ya jin komai, kububuwa takan yi kwana kafin jinin ya ɓalle. Takalmin roba mai tsawo lokacin girbi da tocila da dare suna rage abin sosai.

Hajiyar da ta turo tambaya kan man bilicin daga Fadaman Mada, saƙonki ya iso, hoton robar ne bai fito ba, ki sake ɗauka ta gefen da aka rubuta abubuwan da ke ciki.